Mazaunin Lagireton Sharif

Da Lurwanu ya ga motar ta fito daga wurin mai fenti, sai da ya ajiye abin waldarsa. A jikin ƙofa an rubuta SHARIF TRANSFO da jan fenti. Sunan mutum ɗaya.

Su biyu suka tashi motar nan daga mushe. Sharif, ɗan 'yan kasuwar Damagaram, shi ya kawo gangar tsohuwar Hilux da inji. Lurwanu mai walda ya sa ƙarfensa da ƙarfinsa, ya ɗinke ta tun daga hanci har wutsiya, a kan za su riƙa kwaso tattasai daga gonakin bakin kogin Komadugu su raba riba. Da ya je neman bayani, Sharif ya amsa masa a gaban 'yan shayi cewa mai walda ai mai walda ne, ba a taɓa rubuta sunan tela a jikin riga ba. Aka yi dariya. Lurwanu ya juya ya koma garejinsa, amma ya riƙe maganar a ransa.

Sai motar ta soma zafi. Injin ya fi ƙarfin lagireton da ke ciki, kafin a fita Diffa ruwa ya tafasa. Sharif ya sayo na babbar mota, ya ƙi zama a gurbin. Wani ya ɗaure masa shi da waya, fanka ta kusa cinye shi. Ga tattasai ya bushe a gonaki, manoma suna ta waya.

Sharif ya dawo garejin Lurwanu da goro da murmushi, yana ɗan'uwa kaza, ɗan'uwa kaza, wai wasa ne ya yi rannan.

"Kawo ta," in ji Lurwanu.

Ya yi aikin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya auna gurbin, ya yanko ƙarfe mai kusurwa, ya haɗa mazauni daidai jikin lagireton, ya shimfiɗa masa robar tsohuwar taya don kada gargadar hanya ta fasa shi. Notunan ɗaure lagireton kuwa da hannunsa ya goge su, kowanne da kai mai gefe biyar, ya nutsar da su cikin ƙarfen yadda filaya ba za ta kama ba. Sifanarsu guda ya ƙera, ya jefa a aljihu.

Ya san direbobin kwarin Komadugu. Ruwan kogi suke ɗurawa, da lakarsa da komai, kuma dole a riƙa sauke lagireto ana wankewa.

Mota ta yi ta jigila lafiya, Sharif yana wucewa yana danna oda. Lurwanu yana ɗaga masa hannu.

Ana tsakiyar kakar tattasai laka ta toshe lagireton. An janyo motar cikin gari da buhuna a kanta har sama, ga dillalan Najeriya suna jiran kaya. Sharif ya zaga gareji-gareji. Duk bakaniken da ya leƙa sai ya gwada sifanunsa ɗaya bayan ɗaya ya girgiza kai. Masu walda suka ce in aka sa wuta a yanke mazaunin, lagireton zai narke tare da shi, kuma babu irinsa a Diffa.

Da la'asar aka turo ta ƙofar Lurwanu. Yana zaune yana shan shayi, bai tashi ba.

"Lurwanu, don Allah. Kayan mutane ne a kai."

"Wace mota ke nan?"

"Haba ɗan'uwa, motarmu mana."

"Tamu? Ni ban ga haka a ƙofa ba."

Sharif ya ce gobe da safe zai kira mai fenti, ya rantse, ya ƙara rantsewa. Lurwanu ya ce shi ma gobe da safe zai nemo sifanar, in Allah ya sa bai manta inda ya ajiye ta ba. Mutane sun soma taruwa, har da 'yan shayin rannan.

Sharif ya dubi buhunan, ya dubi wayarsa da ke ta ruri. Ya tura a kira mai fenti yanzu-yanzu.

"Sunana a sama," in ji Lurwanu. "Kuma kai za ka riƙe masa gwangwanin."

Sai da harafin ƙarshe ya zauna, Lurwanu ya taɓa da yatsa ya ji fentin ya soma kamawa, sannan ya sa hannu a aljihu.