Igiyar Awo da Rumfar Baba Faki

"Ina igiyar, Mwatima?"

Karo na uku ke nan Vuai yana tambaya, yana tsaye a bakin rumfar jirgin Baba Faki da gwangwanin jan fenti na sa alamar rushewa a hannu, ga maza huɗu da adduna a bayansa. Vuai shi ne shugaban kwamitin bakin ruwa na ƙauyen, Mwatima kuwa sakatariya, kuma a hannunta igiyar awo mai ƙulli talatin take zama. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta ce masa igiya tana cikin teku. Wai jiya ta rasa abin ɗaure ciyawar tekun da take nomawa, sai ta ara.

"Igiyar hukuma kika ɗaure ciyawa da ita?"

"Ita ta fi kusa da hannuna, Yaya Vuai. In ruwa ya janye na kwance."

"Ruwa ya janye sau biyu tun jiya."

"Ai ka san ni da mantuwa."

Kowa a wurin ya san Mwatima ba ta mantuwa. Dokar ma ita ta karanta wa mutane a gindin mangwaro: kowace rumfar jirgi ta ja baya mita talatin daga inda ruwa ke tsayawa in ya cika, a bar hanyar da amalanke zai wuce tsakanin rumfa da rumfa, kada a zuba siminti, rufi kuma na ganyen kwakwa. A ƙasan takardar an ce ba a rushe rumfa sai an auna ta da igiyar kwamiti a gaban sakatariya. Wannan layin na ƙarshe shi ta riƙe gam. Rumfuna goma sha bakwai sun koma baya, wasu da tsaki, wasu da zagi. Saura ɗaya, wadda ko makaho ya san ba ta kai mita talatin ba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidan Mwatima da na Baba Faki. Tun tana yarinya ƙarar gizagonsa ke tashinta da safe, tun rasuwar matarsa kuma ita ke kai masa rogo da romon kifi. Masassaƙin jirage ne, amma ya yi shekara goma sha ɗaya bai haɗa babba ba, sai da jirgin fiton ƙauyen ya fara ruɓewa, wanda ke kai mutane gonaki da maƙabarta a tsallaken mashigi. Nan tsoho ya ɗauki gizago. Shekara biyu yana abu ɗaya, yana tari yana sassaƙa, har ya cusa audugar ƙarshe tsakanin katakai. Ranar da ya gama, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Ya sa aka kawo masa gadon igiya cikin rumfar, ya kwanta kusa da jirgin.

Daga kan gadon ya ɗago kai ya dubi Vuai. Vuai ya durƙusa ya gaishe shi, don duk zafin kansa ba mara kunya ba ne. Ya yi bayani a hankali: ranar Asabar jami'i zai zo daga gunduma, in ya tarar da rumfa a cikin layi zai iya rufe musu wurin sauke kifi. A bari maza ashirin su shimfiɗa gungume, su ja jirgin zuwa ruwa yau ɗin nan, gobe a sake kafa rumfa a sama.

"A kan wancan dutsen za ku ja shi?" Baba Faki ya nuna tudun dutse mai kaifi da ya tsaya tsakanin rumfar da teku. "Kafin ku sauka cikinsa ya tsage. Ni jirgina ba a jan sa, ɗan nan. Ruwa ke zuwa ya ɗauka."

Haka mahaifinsa ya kafa wurin, in ji shi. Da gangan aka sa rumfar a kwarin da ke bayan dutse, inda babban ruwa ke shigowa ta wata 'yar kafa ya ɗaga jirgi da kansa. Vuai ya ce ya sani, amma wannan zancen dā ne. Yashi ya cike kafar, rabon da ruwa ya taɓa dirkokin nan tun 'yarsa ta fari, shi Vuai, tana goye, ga shi har an yi mata baiko.

Tsohon ya ce a miƙo masa wuƙa. Ya mirgina da kyar, ya kama dirkar da ke kusa da kansa, ya auna kamu biyu da yatsa uku daga ƙasa, ya yi mata tsaga.

"Alhamis, bayan la'asar. Nan ruwa zai tsaya."

Wani daga cikin masu adduna ya yi dariya ya ce ashe teku ma takarda take aiko wa Baba. Mwatima ba ta yi dariya ba. Ta ce wa Vuai ya ba ta zuwa Alhamis. In ruwa bai zo ba, za ta kawo igiya, ta auna, ta tuge dirkar farko da hannunta, ta kuma sauka daga kujerar kwamiti tunda ta yi wasa da amana. Vuai ya amince, ya rufe gwangwanin fenti.

Gaskiya ita ma ba ta yarda ba. Ta yi alkawarin ne don ba za ta iya ganin an yaye rufi a kan mutumin da ke kwance ba. Kwana ukun nan kullum in ta kawo kunu sai ta tsaya a kan dutsen ta duba inda ruwa ya bar tarkacensa. Talata ya tsaya can nesa. Laraba ya ɗan matso, amma tsakaninsa da kafar akwai yashi busasshe wanda kaji ke tono a kai. Mata a gonar ciyawa suka sa ta gaba, suna tambaya ko ta fara koyon tuge dirka. Ta tambayi Baba Faki da me ya sani. Ya ce iskar arewa ta kwanta, wata ya mutu, kuma ƙaguwa sun kwashe ramukansu sun hau sama tun makon jiya, ita ce dai ba ta kallon ƙasa in tana tafiya.

Ranar Alhamis da hantsi ta same shi ya ƙi kunun. Ya ce ta jiƙa masa leɓe kawai. Numfashinsa yana fita da ƙara kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Ya sa ta kira liman da Vuai, ya ce su zama shaida: in ajalinsa ya riga ruwan, kada a sa shi a tsohon jirgi. A ɗora makararsa a cikin sabon, a jira.

"Baba, ai kai za ka ga saukarsa," in ji Mwatima.

"Na ga guda arba'in, 'yata. Wannan ke za ki gani."

Bai ƙara wata magana ba sai kalmar shahada. Hannunsa na dama yana kan katakon jirgin lokacin da ya cika, liman ne ya sauke shi. Mwatima ta fita bayan rumfa ta yi kukanta, kuka na wadda ta rasa uba karo na biyu.

Aka yi masa wanka, aka sallace shi bayan la'asar a kan yashi. Daga nan maza suka ɗora makarar cikin jirgin da ke zaune a busasshiyar ƙasa, bisa wasiyya, suka tsaya cirko-cirko. Abin ya yi wa mutane nauyi. Gawa ba ta jira, ga rana tana karkata, ga tsohon jirgi can a ruwa ana kwarfe shi da ƙwarya. Mwatima tana tsaye da mata a gindin kwakwa, tana jin maza suna ƙus-ƙus cewa an biye wa mace da ruɗin tsufa. Liman ya ce a ƙara ɗan lokaci kaɗan, in ruwa bai zo ba a sauke makarar. Vuai kuwa idonsa na kan dutse.

Mwatima ce ta fara gani. Wani siririn ruwa, bai fi faɗin tafin hannu ba, ya leƙo ta kafar, ya jiƙa yashi ya koma. Na biyu da ya zo bai koma ba. Ya gangaro kwarin a hankali, yana tura busasshen ganye da ɓawon kwakwa a gabansa, ya shiga rumfar ta tsakanin ƙafafun mutane. Babu igiyar ruwa, babu ƙugi. Tashi kawai yake yi, kamar ana cika kwano. Maza suka naɗe zannuwansu zuwa gwiwa, ba wanda ya matsa. Surutu ya ɗauke ƙaf, har Mwatima tana jin ɓarɓashin sassaƙar katako da suka taso suna bugun jikin jirgi.

Sai jirgin ya yi wata 'yar ƙara, ya girgiza sau ɗaya, ya rabu da gungumen da yake zaune a kai. Ba wanda ya taɓa shi. Ya juya hancinsa kaɗan wajen kafar, da mai shi kwance a ciki cikin likkafani. Tsoro da wani irin daɗi suka kama Mwatima a tare. Wata tsohuwa a gefenta tana ta tasbihi ƙasa-ƙasa. Vuai, mutumin fenti, shi ya fara kama gefen jirgin, hawaye na bin gemunsa, ya ce a yi maza kafin ruwa ya juya. Suka raka shi ta kafar da tafin hannu, cikinsa ya wuce bisa dutsen ko karce bai yi ba, suka hau suka nufi tsallake.

Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka suka watse zuwa gidan makoki. Mwatima ta tsaya. Ta je gida ta ɗauko igiyar awo daga cikin buhun shinkafa, inda take tun ranar Lahadi, ta rataye ta a ƙofar rumfar yadda Vuai zai gani in ya dawo. Gobe za a auna, za a rushe, ba ta da sauran abin cewa.

Ruwan ya riga ya fara komawa. Ta shiga rumfar da ta zama fili, ta durƙusa a gindin dirkar da ke kusa da gadon igiya. Itacen ya jiƙe ya yi baƙi tun daga ƙasa har bakin tsagar da wuƙa ta yi. Ta ɗora yatsa a samanta, ta ji wurin a bushe.