Auren Funfuna a Ramin Taki

Tsoho ya ce shi ya fara ganin abin, tun malamin gona bai san hanyar gonar ba. Funfunar da ke cin dankalinsa daban, ta maƙwabcinsa daban, kowacce feshi ɗaya ke gamawa da ita. Shi kuwa ba ya asarar ganye, sai ya tara ruɓaɓɓun ganyen gonakin biyu a ramin taki guda. Da damina ta zagayo, funfunar da ta fito ko gezau ba ta yi da magani.

"Baba, aure ka ɗaura musu," in ji malamin. "'Ya'yansu na kwance cikin ƙasar nan. Bana kada ka shuka."

Tsoho ya shuka abinsa. Ai yunwa ma ta gwada shi ta haƙura. Duk mai musu ya zo ranar haƙa, ya taho da buhu.