Kujerar Jummai a Bakin Ƙofa

Ramin bai kai kamu ɗaya ba, Maman Iliya ta ce in ƙara. Ƙasar unguwarmu ta Gassi a watan Afrilu kamar siminti take, ga shi kaza ce kawai za a binne. Na ce mata a unguwar nan in zafi ya kashe kaza, bola ake kai ta.

"Kai dai haƙa, Malam Bak," ta ce. "Yau kai ma ɗan aji ne."

Haka take kirana tun da na faɗi bak, jarrabawar gama sakandare, karo na biyu, na dawo gida na zauna. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Kiristoci ne, daga wajen Michika suka taso a shekarun gudun hijira, kuma duk layinmu mu kaɗai ke jin Hausarta. Mijinta Yohanna direban tirela ne a hanyar Ngaundere. Yakan yi sati uku, huɗu, bai kwana gida ba.

'Ya'yansu biyu. Iliya shekararsa takwas, Jummai shida, kurma ce tun haihuwa. Da makarantar unguwa ta ce ba ta san yadda za ta yi da kurma ba, sai Maman Iliya ta cire Iliya ma, ta ce bencin da ya ƙi ɗaya ya ƙi biyu. Ta shafa baƙin fenti a jikin katangar, ya zama allo. Kowace safiya takan ɗaura jan ƙyalle a reshen darbejiya, shi ne ƙararrawar da Jummai ke iya gani. Lissafi da murafun kwalba, karatu daga Littafi Mai Tsarki na Hausa, Faransanci daga tsofaffin littattafaina na firamare. Maganar hannu kuwa da kanta ta ƙirƙira, ɗaya bayan ɗaya: ruwa, yunwa, ƙarya, gobe. Baba shi ne hannu biyu a kan sitiyari. Ni kuma tagumi.

Ranar kazar nan Maman Iliya ta riga ta rame har zanen ƙirjinta yana zagaye ta sau biyu. Ciwon daji ne a mama. A asibiti sun ce ta makara, ita kuma ta ce to su ba ta hanya, tana da aji.

Ta sa Jummai ta taɓa kazar, ta ɗaga fiffiken ta saki. Sannan uwar ta tsuguna da ƙyar, ta shimfiɗa tafin hagu, ta kwantar da yatsun dama a ciki, ta rufe, ta sauke hannuwan har ƙasa. Sau uku, alamar mutuwa ke nan. Jummai ta kwaikwaya tana dariya. Na mayar da ƙasa.

Washegari yarinyar ta kai dawa akurki. Uwar ta bi ta, ta nuna gurbin da babu kowa, ta nuna tushen darbejiya inda aka binne kazar, ta maimaita alamar. Kwana bakwai suna haka. A rana ta takwas Jummai ba ta ɗauki dawa ba.

A ranar Maman Iliya ta kira ni ta kan katanga. Ta nuna min 'yar kujerar katako da ke bakin ƙofarsu, wadda Jummai ke zama a kai kullum bayan aji tana duban hanya. Ta ce bara, da motar Yohanna ta lalace ya yi sati shida, sai da aka riƙa ba yarinyar abinci a kan kujerar nan, don ta ƙi tashi. Abu ɗaya ta sani a duniya: wanda ya fita ta ƙofar nan yana dawowa.

"In na mutu za su ce mata na yi tafiya. Na san mutanena, tausayi ne zai sa su. Sai ta tsufa a kan kujerar can. Iliya yaro ne, ba zan ɗora masa ba. Babansu hannunsa sitiyari kawai ya sani. Kai ne za ka gaya mata, Lukumanu. A gaban gawata."

Na ce Allah zai ba ta lafiya. Ta ce ba ta kira ni addu'a ba, tana da masu yi mata. Ta sa na yi alamar har sau goma, tana dukan yatsuna da alli in na yi sauri.

Sati biyu bayan nan Goggo Rahila, yayar Yohanna, ta tsallako kogi daga garin Kusuri don jinya. Mace ce mai aiki, ba ta zauna ba tun da ta zo. Amma da ta ji labarin kazar, sai ta ce wannan rashin imani ne, ana koya wa yarinya mutuwa kamar ba a san da tashin matattu ba. Matan zumunta na coci da ke zuwa waƙa ranar Alhamis suka goya mata baya. Maman Iliya tana kwance a tabarma ta amsa musu cewa ta san inda za ta, kuma Jummai za ta sani in ta iya karatu, shi ya sa ake ajin. Amma ba ta ƙofar Gassi za ta dawo ba, kada wanda ya ce wa 'yarta haka.

Ba ta fasa aji ko rana ɗaya ba. Da ta kasa tsayuwa, Iliya ke rubutu a allo tana faɗa masa. Da ta kasa ɗaga murya, hannu take yi wa su biyun. Ranar Talata da hantsi, suna kan bakwai sau shida, Goggo ta lura da numfashinta, ta kwashe yaran ta tura wa Innata. Kafin azahar muka ji kuka ta kan katanga.

Da la'asar aka tafi da Maman Iliya ɗakin ajiye gawa, a jira Yohanna. Ina tsaye Goggo ta durƙusa gaban Jummai, ta nuna tabarmar uwar, ta nuna hanya, ta kaɗa hannu kamar mai sallamar matafiyi. Yarinyar ta gyaɗa kai. Ta je ta zauna a kujerarta.

Ban yi mata alamar ba. Kwana uku ina wuce ta in zan je masallaci. Duk sanda ta gan ni sai ta yi tagumi, ta yi dariya, ta koma duban hanya. Inna ta ce in fita harkar mutane da makokinsu, kowa da yadda yake yi da mamacinsa. Na ce to.

Ranar Asabar da safe aka kawo akwatin gida kafin a wuce maƙabarta. An kafa rumfa a layi, an jera benci, mata cikin anko suna waƙa. Goggo ta sa an kai Jummai ɗakin Inna an ba ta alewa. Na shiga, na kama hannunta, muka fito.

Ban taɓa shiga taron Kiristoci ba. Na bi ta tsakiyar bencin da hulata a kai, waƙar tana raguwa layi bayan layi. Goggo ta tare ni daf da akwatin.

"Ɗan nan, lafiyarka? Kai wane ne a gidan nan?"

"Ba kowa ba ne, Goggo. Saƙo aka bar min."

"Mai saƙon ta tafi. Mayar da yarinyar nan."

Na ce ba zan mayar ba. Ban saki hannun ba. Wani dattijo ya taso, wasu samari biyu suka biyo shi. Sai Iliya ya bar wurin zamansa ya zo ya kama ɗaya hannun ƙanwarsa. Yohanna, wanda ya riga ya iso, ya dubi yaran.

"Yaya, ba su hanya," ya ce.

Shi ya ɗaga Jummai. An sa wa Maman Iliya farar riga da ɗankwalin zumunta. Jummai ta taɓa kumatunta, ta ja hannu. Ta ɗaga yatsun uwar ta saki, kamar yadda ta yi da fiffiken. Sannan ta juyo ta dube ni.

Na shimfiɗa tafin hagu. Na kwantar da yatsun dama, na rufe, na sauke har ƙasa. A hankali, yadda aka koya min.

Ta girgiza kai, ta nuna hanya. Na sake yi. Ta zame daga hannun babanta ta cije ni a gindin babban yatsa har jini ya fito, da wani sauti da ban taɓa jin ya fita daga bakinta ba. Na bar mata hannun. Goggo ta juya baya tana kuka. Yohanna ya durƙusa a ƙasa yana gwada alamar da manyan hannuwansa, yana yin ta a juye, Iliya yana gyara masa yatsu.

Ranar Litinin aka kwashe rumfa. Na fito da sassafe, hannuna a naɗe, ban ga kujerar a bakin ƙofa ba. Na leƙa ta kan katanga. Jummai ta ja ta har gindin darbejiya, ta taka, tana ɗaura jan ƙyallen a reshen da hannunta ya kai. Bakwai sau shida yana nan a allo, babu wanda ya goge. Ta sauko, ta juya kujerar ta fuskanci katanga, ta zauna, ta zuba murafun kwalba a cinyarta.