Ruwan Saiwar Zaƙi

Tana cikin tace ruwan saiwar ta ji hon ɗin motar Yaya a ƙasa, sau biyu a jere, irin na wadda ba ta son jira. Baƙuwa ta matse tsumman da sauri har ya ƙona mata yatsu, ta juye ruwan a tsohuwar kwalbar zuma, ta tura ta bayan tukwane. Sannan ta buɗe tagar kicin. Ƙamshin saiwar zaƙi ba ya jin magana. In ya kama labule sai ya wuni.

"Kin ɓoye?" Gwaggo ta tambaya daga ɗaki, tari ya yanke mata magana.

"Na ɓoye."

"To, miƙo min cokali ɗaya kafin ta hawo."

"Gwaggo, biyu fa kika sha tun da safe."

"Wannan guzurin hanya ne. So kike in je gaban likita ina haushi kamar kare?"

Baƙuwa ta sake jawo kwalbar.

Gwaggo yayar mahaifinta ce. Shekara uku ke nan da ta zame a banɗaki ta karya ƙugu, 'yarta tilo, wadda kowa a dangi ke kira Yaya, ta bugo waya ta ce a zo a taya ta jinya na mako biyu. A lokacin auren Baƙuwa bai daɗe da mutuwa ba, tana ɗinki a shagon wata mata. Ta lulluɓe kekenta da zane, ta taho da jaka ɗaya. Gwaggo ce ta raɗa mata sunan, wai baƙo raɓa ne. Ƙugu ya haɗe, hawan jini ya shigo, ƙafafu suka yi rauni, raɓa kuwa rana ta ƙi ɗauke ta. Ɗaki biyu ne da kicin a hawa na uku. Tun safe wanka, canjin zanen gado, ƙwayoyi, abinci marar gishiri, juya tsohuwa kada bayanta ya yi gyambo. Yaya tana da ofis da miji da 'ya'ya a can ƙarshen gari. Takan zo sau biyu a mako da leda a hannu da doka a baki.

Babbar dokar ita ce: babu abin da zai shiga bakin Mama sai wanda likita ta rubuta. Ta taɓa kwashe ƙullin ganyayyakin tsohuwar kaf ta zuba a shara, Gwaggo ta kwana biyu ba ta ci abinci ba.

Wata biyar da suka wuce tari ya zo. Busasshe ne, babu majina babu zazzaɓi, sai kaikayi a maƙogwaro kamar an maƙale mata ƙaiƙayi. An sha maganin kanti kala uku, ko gezau. Ran nan Gwaggo ta kama hannun Baƙuwa ta ce mahaifiyarta takan dafa wata saiwa mai zaƙi, wadda masu sayar da magani a kasuwa ke kira irƙusus, har ruwan ya koma rabi, a zuba zuma ya yi kauri. "Ki rufa min asiri," in ji ta. "Ni na goya ubanki. Wannan kaɗai na roƙe ki." Baƙuwa ta sayo, ta dafa. Kuma gaskiya ya yi aiki: cokali ɗaya, maƙogwaro ya kwanta na awa biyu ko uku. Da haka cokali biyu ya zama huɗu, huɗu ya zama shida.

Yaya ta shigo tana haki, makullin mota a hannu.

"Ba ku shirya ba? Ƙarfe tara aka ba mu. Wannan wane irin ƙamshi ne?"

"Shayi na dafa," in ji Baƙuwa, idonta a kan takalmin Gwaggo.

Takalmin ya ƙi shiga. Ƙafafun sun kumbura sun yi sheƙi, in ka danna yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai taso ba. Dole Baƙuwa ta sa mata nata silifas ɗin. Matakala arba'in da biyu ce zuwa ƙasa. Baƙuwa ta san su ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta rataya a kafaɗarta, suna sauka suna hutawa, Yaya tana gaba tana amsa wayar ofis.

A asibiti sun yi awa biyu a kan benci. Aka ɗibi jini, aka auna nauyi, aka ce su jira sakamako. Gwaggo ta yi gyangyaɗi, kanta a kafaɗar Baƙuwa. Ta tagar da ke fuskantar titi Baƙuwa tana kallon wata mata ta tsaya tana jiran bas, ita kaɗai, da jaka a kafaɗa. Bas ta zo, matar ta leƙa, ta fasa shiga, ta ci gaba da tafiya a ƙasa. Baƙuwa ta bi ta da ido har ta sha kwana.

Likitar mace ce mai furfura a gaban goshi, ba ta da gaggawar magana. Ta naɗa wa Gwaggo abin awon jini a damtse, ta duba, ta kwance, ta sake naɗawa a ɗaya hannun. Ta danna ƙafar. Ta daɗe tana kallon takardar sakamako.

"Sau biyu na ƙara mata magani," in ji ta, "jinin sai hawa yake. Ga kumburi. Ga wani sinadari da zuciya ke buƙata ya yi ƙasa sosai a jininta, shi ya sa jikinta ya mutu. Mama, akwai abin da kike sha ban da ƙwayoyin nan? Ganye, saiwa, jiƙo, ko shayin magani?"

"Babu," in ji Gwaggo. "Ruwa da ikon Allah."

"Babu, likita," Yaya ta ƙara. "Ni da kaina na hana. Ga wadda ke kula da ita nan, ba ta ƙetare maganata."

Likitar ta ɗago ta dubi Baƙuwa. Baƙuwa tana tsaye a bayan kujera, ta ji yatsun Gwaggo sun lalubo tsintsiyar hannunta ta ƙarƙashin mayafi, sun riƙe gam.

"To, in haka ne," in ji likitar, "ba zan bar ta ta koma gida yau ba. Za mu ba ta gado, mu bincika ƙoda da zuciya, mu ƙara magani na uku. Yadda jinin nan yake, ina jin tsoron shanyewar jiki."

"Gado?" Muryar Gwaggo ta yi siriri. A irin wannan gadon mijinta ya rasu, kuma ta sha faɗa cewa ranar da aka kwantar da ita a asibiti a fara haƙa kabari. Duk da haka yatsunta ba su saki ba.

Baƙuwa ta ji ɗakin ya matse. In ta yi shiru, za a kwantar da tsohuwa a yi ta neman ciwon da wataƙila a bayan tukwane yake. In ta yi magana, ta ci amanar wadda ta goya ubanta, ta kuma tona kanta a gaban Yaya: wata biyar tana ƙarya. Yaya ba ta yafe irin wannan. Za ta ce ta tattara kayanta. Da tunanin ya zo nan, sai Baƙuwa ta ji wani abu ya ratsa ƙirjinta kamar an buɗe taga, ta kuma ji kunyar abin da ta ji.

"Akwai," ta ce.

Yatsun suka sake ta.

Ta faɗi komai tana kallon tebur: saiwar zaƙi, yadda take dafawa, zumar, cokali shida a rana, wani lokaci bakwai. Likitar ta ajiye biro, ta jingina da kujera.

"Alhamdu lillahi. Kin hutar da mu." Ta juya ga Gwaggo. "Mama, saiwar nan tana kwantar da maƙogwaro, ba ƙarya kika yi ba. Mai lafiya ya sha kaɗan na 'yan kwanaki, ba komai. Amma in aka daɗe ana sha da yawa, tana tara ruwa a jiki, ta ɗaga jini, ta zubar da sinadarin da na faɗa. Ga mai hawan jini kuwa ba ta da kyau ko kaɗan. Yaushe tarin ya fara?"

"Wata biyar," in ji Baƙuwa.

Likitar ta buɗe fayil ta koma baya shafi uku, sai ta girgiza kai.

"Wata shida ke nan da na sa ta a kan ƙaramar farar ƙwayar nan. Tana sa wa wasu mutane busasshen tari. Na ga an rubuta tari a nan, na ɗauka mura ce. Wannan kuskurena ne. Ƙwayata ta kawo tari, tari ya kawo saiwa, saiwa ta ɗaga jini, ni kuma na ƙara ƙwayar." Ta ja takarda ta fara rubutu. "Zan canza ta yau. A daina saiwar gaba ɗaya. Ga maganin da zai mayar da abin da ya zube, ku dawo jibi a sake ɗibar jini. Tarin zai ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya tafi, sai haƙuri. Ruwan ɗumi da ɗan zuma ya isa. Zuciyarki lafiya lau take, Mama. In aka gyara wannan, da sauran shekarunki masu yawa, in sha Allahu."

Suka kama hanyar gida a mota. Yaya ta riƙe sitiyari da hannu biyu, muƙamuƙinta yana motsi. Gwaggo ta juya fuska ga taga. Da suka zo hawa matakala ta ƙi rataya a kafaɗar Baƙuwa, ta kama ƙarfen gefe, ta yi taki uku, ƙafa ta gaza. Dole ta miƙa hannu, ba tare da ta dube ta ba.

Yaya ta wuce kicin kai tsaye. Ba ta tambayi inda kwalbar take ba, hanci ya kai ta. Baƙuwa tana jin ƙarar ruwan famfo yana wanke wata biyar na aikinta. Ta kwantar da Gwaggo, ta cire mata silifas, ta sa filo ƙarƙashin ƙafafun. Sannan ta shiga ɗan ɗakinta ta jawo jakarta daga ƙarƙashin gado. Kayanta ba su da yawa: riguna huɗu, zannuwa, almakashinta da ta zo da shi bai taɓa yanka komai a gidan nan ba sai filasta. Ta fara zuba su a jakar da sauri, amma ba don tsoro ba.

"Me kike yi haka?"

Yaya ce a bakin ƙofa, hannayenta a jiƙe.

"Na san na yi laifi, Yaya. Ba sai kin faɗa ba."

Yaya ta dubi jakar. Sai ta zo ta zauna a bakin gadon, abin da ba ta taɓa yi ba, ta cire tabarau ta murza idanu.

"A hanya na yi niyyar in ci mutuncinki, wallahi. Amma na san halin Mama, in ta so abu ko dutse sai ya ba ta. Kuma da ba ki yi magana ba, da yanzu tana kan gado ana huda ta." Ta ɗora hannu a gwiwar Baƙuwa. "Na yafe miki. Ina zan samu kamarki? Bare ba zai yi mata wata ɗaya ba. Ke jininmu ce. Mayar da kayanki, don Allah, kada ki ƙara tsorata ni."

Baƙuwa ta buɗe baki. Maganar son tafiyarta tana nan, a shirye take, amma ta rasa ta inda za ta fito a gaban mutumin da ya ce ya yafe maka.

"Na gode, Yaya," ta ce.

Bayan la'asar Yaya ta tafi. Gidan ya yi tsit, sai tarin Gwaggo yana tashi yana faɗuwa, babu abin kwantar da shi. Baƙuwa ta ɗumama ruwa, ta ɗiga zuma, ta kai mata. Tsohuwar tana fuskantar bango. An jima kafin ta juyo ta karɓi kofin, ta kurɓa, ta yatsine fuska.

"Wannan ai wankin cokali ne."

"Shi likita ta ce."

Gwaggo ta sake kurɓa. Ta dubi Baƙuwa sosai, karo na farko tun daga asibiti, daga fuska har zuwa yatsun da tsumma ya ƙona.

"Me ta ce ma a ƙarshe? Kunnena bai kama ba."

"Ta ce zuciyarki lafiya lau. Da sauran shekarunki masu yawa."

"Masu yawa," in ji Gwaggo a hankali. Ta miƙo kofin, ta riƙe hannun Baƙuwa tare da shi. "To, 'yar ƙanena. Allah ya ba ki haƙuri."