Goron da Na Kai wa Kashin Shanu

Ni dai babban yatsana ya fi ni aiki a sakatariyar Tambuwal. Daga na zauna sai ya hau gogar waya, bidiyo na bin bidiyo, har shayi ya huce. Wani lokaci ko dariya ba na yi, wucewa kawai nake.

Shi ya sa ranar da zan je Kebbe nema wa Gazali, ɗan ƙanena, auren ɗiyar Ardo Atu, matata Safiyyatu ta tare ƙofa ta miƙo hannu.

"Baban Ummu, kawo ta nan. Kada Ardo shina magana kai kana kallon akuya tana rawa."

"Ni? Gaban surukai?"

"Gaban liman ma ka yi."

Na ba ta. Maganar ba ta wasa ba ce: Ardo ya sa rana, kuma akwai wani mai nema daga Sanyinna. In iyayen yaro ba su zo ranar da aka sa ba, an san amsarsu ke nan.

Gazali ya goya ni a babur, kwandon goro a cinyata. Hanyar Kebbe ta girgiza mini hanji, amma ba ita ta dame ni ba. Aljihu nake ta lalube. Na kama yatsana yana goge murfin kwandon daga ƙasa zuwa sama, ko goro zai sauya hoto. Mi ke faruwa a duniya yanzu? Wa ya zagi wa? Na karanta duk rubutun da ke bayan motocin da suka wuce mu.

"Baffa, lafiya kaka motsi haka?"

"Tuƙa abinka. Addu'a nika yi."

Da muka isa mashekarin Ardo, sai toka da turaku da kashin shanu. Ko kaza babu. Wani manomi da ke kwasar taki ya ce sun tashi tun jiya, sun yi kudu.

"Ardo ya ce ya aika wa baffan yaron saƙon murya, a same shi sabon wuri da hantsi. Har rago ya kama."

Ga shi azahar ta gota. Gazali ya zauna kan turke ya dafe kai.

Duk hanyar komowa ina shirya wa Safiyyatu huɗuba. Ina shiga gida na fara: ga amfanin waya, ga abin da ƙwace ta ya jawo wa yaro marar laifi. Ta bari na kai aya, sannan ta ɗauko ta daga cikin kwanon samira ta miƙo mini.

Saƙon Ardo na nan, ba a buɗe ba. Tun shekaranjiya ya shigo.