Rubutun Fensir a Bangon Fayil

Direban ma'aikata yana wanke mota a ƙofar gida ya sake hango maƙwabcinsa, tsohon da ake kira Mai Fayil, ya sauko daga babur da buhu a kafaɗa, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Kwana na uku ke nan yana kwaso fayilolin ma'aikata zuwa gida. Direba ya amsa gaisuwarsa a daƙile, ya ci gaba da dirzar taya.

Zuciyarsa ba ta kwanta da tsohon ba, kuma yana da dalili. Ran Litinin kwamitin tantancewa zai zauna, an ce duk wanda ya shigo aiki ta hannun wani babba za a sallame shi. To wa ya shigo ta ƙofa? Kowa da wanda ya tsaya masa, kuma shekara talatin Mai Fayil yana rubuta sunan mai tsayawar da fensir a cikin bangon kowane fayil, don a san wanda ba a taɓawa. Shi direba tsohon darakta ne ya kawo shi, ɗan garinsu. Sabon darakta kuwa yarensu ɗaya da Mai Fayil, har a tsakar ofis suke yarawa suna dariya. Direba ya gaya wa matarsa cewa tsohon tsince su yake yi ɗaya bayan ɗaya, ya ware nasu, ya miƙa sauran a yanka. Ita ta ce mutumin da ko tsayuwa ba ya iyawa. Ya ce ai hannu ke rubutu, ba ƙafa ba.

Sau biyu tsohon ya aiko tasa matar ta kira direba. Sau biyu ya ce a ce ba ya nan, alhali takalmansa na bakin ƙofa.

Ran Asabar da hantsi aka ji kuka ta katanga, Mai Fayil ya rasu. Direba ya je, da shi aka yi duk abin da ake yi, amma ko a hanyar dawowa daga maƙabarta lissafin buhun nan yake yi. Da yamma matar mamacin ta kira shi ɗakin. Ga katifa a naɗe, ga kwalaben magani a taga, ga fayiloli a jere jikin bango.

"Ɗana, abin da yake nemanka a kai ke nan," ta ce. "Ya ce ka mayar da su a mota kafin Litinin, shi ba zai iya ba. Ɗaya ne bai kai gare shi ba."

Bai yarda ba sai da ya lalubo nasa. Ya buɗe bangon, babu sunan tsohon darakta, sai ɗan shatin fensir da takarda ta riƙe. Ya buɗe na masinja, na mai shara, na mai buga takardu, duk an goge. Kunya ta kama shi har ya kasa ɗaga kai.

Guda ɗayan da ya rage yana kan tabarma. Na ɗan mamacin ne, ƙaramin akawu a sashen sufuri, sunan mai tsaya masa raɗau a bango. Tsohon ya bar nasa sai ƙarshe.

Matar ta miƙo masa magogin fensir, ya cinye saura kamar ƙwayar wake. Direba ya zauna a tabarmar, inda burbushin roba ya cika saƙar, ya ɗora fayil ɗin a gwiwa, ya fara gogewa a hankali don kada takardar ta yage.