Carbin da Rabaere Ya Ƙi Gamawa

Kowace Alhamis, idan an tashi daga makaranta, nakan zauna da matan unguwarmu a maneaba, babbar rumfar da gari ke taruwa, mu yi aikin haɗa carbi. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da wannan aiki a tsibirinmu na Marakei, kuma namiji bai taɓa zama a tabarmarmu ba sai Rabaere.

Rabaere masunci ne, ƙato, marar yawan magana. Matarsa ta rasu tun 'yarsu Akineti tana aji uku a hannuna. Ranar da ya fara zuwa, ya sunkuya a bakin rumfar kamar yadda kowa ke yi saboda rufin ya sauko ƙasa, sai ya tsaya a sunkuyen, bai shigo ba, bai koma ba.

"Malama, ina son magana," in ji shi.

"Shigo mana, ba ma cizo," in ji Nei Tiata, wadda abin dariya bai taɓa wuce ta ba. "Ko neman aure ka zo? Mu tara ne, shida da mazansu, amma ana iya daidaitawa."

Na fita muka tsaya a gindin kwakwa. Ya ce Akineti ta sami gurbi a makarantar koyon jinya a Tarawa, babban birninmu, jirgin ruwa zai zo nan da mako bakwai, kuma yana so ta tafi da carbin da ya yi da hannunsa. Ya roƙe ni kada kowa ya san na wane ne. Na yi masa alkawari, na kuma ce ya zo da tsohon ƙoƙon kwakwa wanda ya yi baƙi, da haƙuri mai yawa.

Aikin ba shi da wuya, tsari yake so. Ana yanka ƙoƙon ƙanana-ƙanana da zarto, a huda kowane ɗaya a tsakiya, a jera su a waya, a yi ta gogawa a kan dutse har kusurwoyin su mutu. Sannan a shafe su da man kwakwa a bar su su sha. Ƙanana hamsin da uku, manya shida, sai gicciye. Tsakanin kowane ɗa da ɗan'uwansa akwai ƙulli, don kada yatsan mai addu'a ya ruɗe. Ni dai ba na barin carbi ya fita daga rumfar nan sai na ƙirga shi sau biyu.

Yatsun Rabaere kuwa kamar ayaba suke. Idan ya ɗauki ɗan carbi sai ya fice masa ya yi ta gangarawa, matan su bi shi da ido har ya tsaya a ƙarƙashin cinyar wata. Zaren da ya kawo irin wanda yake kama manyan kifaye da shi ne.

"Carbi za ka yi, ko jirgi za ka ɗaure?" in ji Tiata.

"Ba na son ya tsinke," in ji shi, bai ɗago kai ba.

"Ai wannan ko Fadan cocinmu ya rataya a jikinsa ba zai tsinke ba."

Na canza masa zare mai laushi, na nuna masa yadda zai jiƙa bakin yatsa kafin ya ɗauka. Da aka zo wajen ƙulli sai dariyar ta ragu. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gyaran taru ba a koya masa ƙulli. Nasa ƙanana ne, daidai wa daida, kamar an auna. Tiata ta karɓa ta jujjuya, ta mayar masa ba tare da tsokana ba, wanda a wurinta babban yabo ne.

Mako uku ya yi. Ranar Alhamis ta uku ya ɗaure gicciyen, na ƙirga sau biyu, ya ɗaga carbin sama don ya gan shi a haske. Baƙi ne sumul yana sheƙi. Daidai lokacin yayarsa Nei Ruria ta sunkuyo ta shigo neman wuƙarta da ta ara wa wata.

Ta tsaya. Ta dubi carbin, ta dubi ƙaninta.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Yaya."

"Bubuti," in ji ta, ta miƙa hannu.

A wurinmu idan ɗan'uwa ya faɗi wannan kalma a kan abinka, magana ta ƙare. Roƙo ne da ba a mayarwa, wanda ya hana kuwa har jikokinsa sai sun ji labari. Shi kansa Rabaere da wannan kalmar ya sami filafilin kwalekwalensa daga hannun mijin Ruria. Ya saka mata carbin a tafin hannu, har ya ce Allah ya sa ta more shi. Ta rataya a wuya ta fita, wuƙar ma ta manta da ita.

Da matan suka watse na ce masa, "Me ya sa ba ka gaya mata na Akineti ne ba?"

"Da na faɗa, sai ta jira in ba yarinyar, ta je ta roƙe ta. Wace 'ya ce za ta hana gwaggonta?" Ya tattara zartonsa. "Saura mako huɗu, Malama. Zan sake."

Na biyun ya fi sauri, don hannu ya saba. Ya bar fita kamun kifi da rana, yana zama a inuwar kwalekwalensa yana goga. Gicciyen ma wannan karon da ɓawon kawar teku mai ƙyalli ya yi shi. Sai dai ranar Lahadi bayan an fito daga coci, matar mai koyar da katekisim ta ga carbin farko a wuyan Ruria, ita ma ta faɗi kalmar. Ruria ta cire ta ba ta da murmushi, kamar yadda ya kamata.

Alhamis na zuwa sai ga ta a maneaba da tabarmarta. Ta shimfiɗa kusa da ƙaninta ta zauna.

"Ba gaggawa nake sa ka ba," in ji ta. "Yi a hankali. Ni dai wuyana ne yake jin iska tun Lahadi."

"Sannu, Yaya."

"Wannan gicciyen ma ya fi na wancan."

Rabaere ya dakata da gogar. Idonsa yana kan wata tabarma da aka fara saƙa aka jingine a jikin ginshiƙi tun bara, rabinta ganye ne a wargaje. Da muka tashi ya biyo ni har bakin hanya.

"Malama, ke da kika yi karatu. An taɓa roƙon tabarmar da ba a gama ba?"

Na yi tunani sosai, don ba na son in ba ɗalibi amsar da ban tabbatar ba. Na ce ban taɓa ji ba. Abin da ke hannun mai yinsa bai zama abu ba tukuna, wanda ya roƙe shi kamar ya roƙi kifin da ke cikin teku ne. Ya gyaɗa kai ya tafi.

Daga ranar sai aikin Rabaere ya kamu da ciwon jinkiri. Gida huɗu na goma-goma ya gama su cikin kwana shida, na biyar kuwa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ya kai bakwai ya tsaya. Idan Ruria ta zo dubawa sai ta tarar yana kwance wani ƙulli wai ya karkace. Gobe ɗan carbi ɗaya ne ya tsage. Jibi man bai shiga ba.

Matan ba su daɗe ba suka gane, ko da yake ban faɗa wa kowa ba. Ba wanda bai san Akineti za ta bi jirgi ba. Maimakon su tona shi sai suka shiga taya shi.

"Rabaere, wannan na shidan bai yi ba," in ji Tiata, fuskarta a murtuke. "Dubi yadda ya fi 'yan'uwansa ƙiba. Kwance."

"Ni ban ga ƙiba ba," in ji Ruria.

"Idonki ne, Ruria. Shekaru ne. Mu ma muna hanya."

"Mutumin da ke ɗinke taru guda kafin ruwa ya janye, 'ya'yan carbi uku sun gagare shi kwana tara?"

"Aikin Allah ne, Yaya," in ji Rabaere. "Ba a yi masa garaje."

An ce jirgi zai zo Juma'a. Ranar Alhamis rediyo ya ce sai Litinin. Litinin aka ce yana wani tsibiri ana lodin busasshiyar kwakwa, sai Laraba. Rabaere ya kwance ya ɗaura, ya kwance ya ɗaura, har bakin zaren ya fara gashi, na yanke masa na ƙone shi da ashana. Na ba shi shawara ya saka sauran ukun ya bar ƙullin ƙarshe kawai. Ya ce a'a, idan ƙulli ɗaya ya rage Ruria za ta ce an gama, ta ɗaure da kanta. Na ga ya fi ni sanin yayarsa.

Laraba da hantsi jirgin ya tsaya can bayan duwatsun murjani, aka turo ƙaramin jirgi mai inji. Ruwa bai cika ba, don haka bai iya ƙarasowa gaɓa ba, sai an shiga ruwa an same shi. Rabin gari ya fito. Akineti ta gaisa da kowa, an sa mata furanni a ka, ta shiga ruwa da akwatinta a kai. Ni na bi ta da kwandon guzuri. Rabaere yana gefenta, ruwa har ƙirji, ya ɗaga hannuwansa sama da carbin, 'ya'yan nan uku kuma a bakinsa, yadda yake riƙe ƙugiya idan hannu ya cika.

Akineti ta hau, ta juyo ta karɓi kwando. Uban ya miƙa mata gefen gicciyen, ya yi mata nuni da ido ta riƙe. Ta riƙe tana kallonsa, ba ta gane ba tukuna. Ya zaro ɗaya daga baki ya zura ya ƙulla. Ya zaro na biyu ya zura ya ƙulla.

"Rabaere, gamawa kake yi ne?"

Ruria ce, daf da ƙeyarsa. Ta biyo mu cikin ruwa da ƙunshin busasshen kifi a kai, ba wanda ya lura. Rabaere ya zabura, igiyar ruwa kuma ta buge shi a haɓa. Na ga maƙogwaronsa ya hau ya sauka. Ya laluba bakinsa da harshe, ya dube ni, na dube shi. Mai inji ya ja igiya, injin ya kama.

Rabaere bai tsaya ba. Ya haɗa bakin zaren biyu ya ƙulle, ya ja da haƙori, ya saki. Carbin yana hannun Akineti, kuma Akineti tana cikin jirgi.

"Naki ne," in ji shi.

Ta duƙar da kai ta bi 'ya'yan da yatsa, gida-gida, yadda na koya musu tun suna ƙanana. Ni ma ina ƙirgawa daga inda nake, ko da yake na san amsar. A rayuwata ban taɓa barin carbi mai tara ya wuce ba, amma na kama bakina.

"Baba, na ƙarshen tara ne."

"Na sani."

"Ina ɗayan?"

Ya dafa cikinsa. Akineti ta yi ta kallonsa, sai dariya ta ƙwace mata tare da hawaye, har mai inji ya ce ta zauna kada ta faɗa.

"Ki yi tara," in ji Rabaere, yana ɗaga murya saboda ƙarar inji. "Ni zan riƙa yin addu'a ta goman a nan."

Ruria ta jefa ƙunshin kifin cikin jirgi, ya sauka a cinyar yarinyar. Muka tsaya mu uku cikin ruwa har suka kai babban jirgin, sannan muka juyo. Ruria tana gaba tana riƙe da zaninta.

"Ai da ka gaya mini na yarinyar ne," in ji ta, ba ta waiwayo ba.

"Da kin bar mata?"

Ta yi taku uku ko huɗu tana tunani.

"Da wuya," in ji ta. "Gicciyen ya yi kyau da yawa."